Gurbi Huɗu

Sittin ake so a dami, nawa hamsin da shida.
Gurbi huɗu na bari, rigunan leda babu kowa ciki,
kamar kujerun gaba a wurin walima
da ake korar yara daga kansu tun da hantsi.

An ce sai watan gobe zai fito.
Hotonsa kawai muka gani
a wayar Gidado mai tsagaggen gilashi:
Macijin Husufi, rabin wata a bakinsa.
Kuɗin saukarsa iko bakwai.
In ya sauka, duk abin da abokin karawa ya jera
sai ya koma hannunsa, fili ya yi fayau.

Ni tela ne a Jekadafari.
Na saba yanka shadda da awon da aka aiko a takarda,
mai rigar yana can Fatakwal.
Haka na yi wa macijin nan,
na auna shi daga nesa, na sa almakashi.

Na cire Kuraye Uku, sun cika ci.
Na cire Maharbiya,
wadda ta ciwo mini wasa goma sha ɗaya bara,
na sa ta a gwangwanin maɓallai
ban yarda mun haɗa ido ba.
Na haƙa rijiyoyin iko ashirin da shida,
na zuba masu jawo kati har takwas,
sauran duk 'yan share hanya ne, masu shimfiɗa tabarma.
Sannan na yanka kwalin sukari gida huɗu,
na rubuta sunansa da biro,
ya riƙe masa wuri kafin ya iso.

Daren Talata, bayan isha'i, an ɗauke wuta.
Teburin yanka ya zama fage, fitilar caji a kan keke.
Laraba, 'yar Kaltungo mai karatun jinya,
ta kwance robar da ta ɗaure daminta.
Babu katin da ya wuce iko biyu a ciki:
tururuwa, zirnaƙo, ɓera mai kibiya.

A zagaye na biyar ta gama da ni.
Macijin yana hannuna, biyu ma,
ina riƙe da su kamar mai cak ɗin banki ranar Lahadi.
Na ce a sake. Na shida.
Na ce a sake.
Gidado ya dakata da ɓarar gyaɗa, ya ce,
"Kana gina wa baƙo bene,
ɗakin da kake kwana yana yoyo."

Ban yi barci ba.
Warwara ta fi ɗinki ciwo, kowane tela ya sani.
Na cike rijiya uku.
Na jera katanga mai arha, mai tsayawa tun zagayen farko,
na sa Ruwan Bazara biyu, ya wanke mata tururuwa.
Kwali huɗu suka koma biyu.
Da asuba na buɗe gwangwani,
Maharbiya na nan, da ƙurar alli a goshinta.
Na goge da bakin riga.

Wata Talatar na kai zagaye na tara da raina.
Kibiya ɗaya, ta biyu, Laraba ta ajiye hannu.
Ta jawo ragowar damina tana juyawa ɗai-ɗai,
can ƙasa, na biyun ƙarshe, ga kwalin sukari.
Ta ce, "Ga uban gayyar nan, barci yake."

Duk da haka na tura kuɗin.
Direban Kano ya ce zai ajiye mini a Tashar Dukku,
cikin ambulan, kada ya lanƙwashe.
Guda biyu na ce, ba huɗu ba.

Jiya kuwa na ji Laraba tana tambayar Gidado a hankali
ko akwai wani ɗan kati mai iko ɗaya
da ke rufe bakin maciji kafin ya buɗe.
Na yi kamar zare nake sa wa allura.
Ramin ya ƙi ganuwa.