Ƙarƙashin Tebur a Valparaíso

Shekara ashirin a Turku
ina zana girgizar ƙasa da alli,
ban taɓa jin ta a tafin ƙafata ba.

Da takarda ta fito a allon sanarwa,
ana neman mai kai ɗalibai Chile zango guda,
na sa hannu, ban ko shawarci gwiwoyina ba.

Ga ni a gari mai matakala dubu,
ina ƙirga kawuna a bakin kowace mota:
tara, goma, ina Eero?
Yana can yana ciniki da mai kifi.
Shi da ke gyangyaɗi a layin baya,
yau bakinsa nake ara in sayi burodi.

Daren Laraba kofuna suka kama rawa.
Ni da digirina uku, sai ƙarƙashin tebur.
Mai masaukinmu, Doña Ercilia,
ba ta fasa zuba shayi ba.
"Wannan ai ƙarama ce. Fito, zai huce."

Da safe su sha ɗaya suka buɗe littattafai.
Na ce a rufe.
Na ɓoye hannuna a aljihu, bai gama karkarwa ba.
"Jiya, me ƙafafunku suka ji?"