Hanyar Yanke

Shekara ashirin da shida ina buga wa jama'a takarda
a rumfar kwano, bayan kotun Garwa.
Ni da tafireta muka tsufa tare,
sai ta riga ni ajiye aiki.

Wadda ta gaje ta Bafaranshiya ce.
Madannanta akwai e mai hula, akwai e mai ɗage gira,
har da c mai ɗan wutsiya,
amma nemi ƙa, nemi ɓa, nemi ɗa,
ta yi maka kunnen uwar shegu.
Wani manomin auduga ya sa na rubuta wa ƙaninsa a Mubi
cewa zai kai shi ƙara.
Na buga kara.
Amsa ta dawo bayan sati: na dawa ko na gero?
Dariyar nan har masallaci ta raka ni.

Dudu, 'yar ƙanwata, ta zo hutu daga Ngaundare.
Ta ja kujera, ta ɗan taɓa nan, ta taɓa can,
sai ga wata siririyar kanta a gefen allo.
Ta ce, Kawu Gambo, kamar ta mai tireda ce,
abin da hannu ke yawan nema shi ake jerawa kusa.

Na kama ta da linzami na kai ta sama,
ta tsare mini layin farko.
Na sauke ta ƙasa, ta zauna a kan agogo.
Dama ce ta karɓe ta.
Na rage mata ƙiba,
na ba ta launin Binuwai a tsakiyar rani.

Alt da K, ga ƙa ta fito da ƙugiyarta.
Alt da B, ga ɓa.
Alt da D kuwa, ashe wurin da mai shi,
na'ura ta ce sai dai in nemi wani.
Na ƙara Kontirol, yatsu uku kamar duwatsun murhu,
tukunya ta zauna.

Daga nan kwaɗayi ya shigo.
Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri,
na cusa ta duka a ƙarƙashin maɓalli guda.
Doguwar jelar Faransancin nan da ake rufe takardar hukuma da ita,
maɓalli guda.
Shaidar sayar da babur, yarjejeniyar haya, neman aiki,
kowa da gurbinsa.
Abin da kan ci hantsi har azahar
yanzu kafin shayi ya huce na miƙa.
Na kwafe jerin a filashi saboda halin wutar garin nan,
na ɗaura shi jikin mabuɗin rumfa.

Ran Talata ɗan Sali ya shigo, bai zauna ba.
Sali mai shayi, rumfarsa na jingine da tawa,
shekara ashirin yana bina kuɗin kofi ɗaya
da muka kasa yarda ko na biya.
Yaron ya ce sanarwa ake so, ta sadakar uku.

Tana nan a maɓalli na tara, shiryayya tsaf,
daga innalillahi har amin,
suna kawai ake cikawa.
Na buga wa mutum ɗari irinta.
Yatsana ya je, ya tsaya a sama
kamar shirwa a kan gidan da ta sani.

Na naɗe kantar, ta shige gefe.
Na bi doguwar hanya,
harafi, harafi,
yadda ake bin makara da ƙafa ko da mota na nan.

Sai da na kai Allah ya jiƙansa.
Nan na danna Alt da K,
don in babu ƙugiya jikansa zan rubuta,
shi kuwa Sali bai ga jika ba.