Ruwa Ma Ke Nan

Tsohon Bayahuden da nake gyara wa injin kwalekwale
a gaɓar Binuwai, nan Garwa,
ya ce malamansu na cewa
Annabi Musa bai doki kogin Nilu da sanda ba,
Haruna ya miƙa wa,
don ruwan ya taɓa goya shi yana jinjiri.

"Ruwa ma ke nan," in ji shi, "balle mutum."

Na koma gida, baƙin mai har gwiwar hannu.
Ladidi ta ajiye sabulu bakin randa
kamar jiya,
kamar shekara goma sha tara.
Ta zare min ƙayar kifi daga miya.

Na ce, "Na gode."

Ta taɓa goshina:
"Zazzaɓi ne, Ɗanjuma?"