Littafin da Gara Ta Ci

A bakin ƙofa an sassaƙa a dutse
cewa a shekara kaza aka kafa wannan kwaleji.
Kafa. Sai ka ce turke aka soka a laka.
Ni na san nauyin kalmar nan,
a kaina na ɗauke ta, tubali bayan tubali,
daga bakin rafi zuwa gindin ɗorawa.

Mu goma sha bakwai ne.
Bayan Kachia hanya takan mutu a gonar wani,
sauran tafiya sawun shanu ne da gamba ta fi mutum tsawo.
Dagaci ya ba ikilisiya filin don ba mai so,
ƙudan tsando da rana, kura da dare.
Ya ce, in Allahnku ya iya da wurin, ku riƙe.

Fasto Didam Kazah ya iso kan keke marar birki,
da Littafi Mai Tsarki guda, da rabin kwalin alli,
da tarin da bai sake shi ba har kabari.
Baturiyar da aka turo damina ɗaya ta yi,
zazzaɓi ya kore ta.
Ta bar mana agogon bango da ya tsaya a ƙarfe huɗu,
muka rataye shi duk da haka, don kwaleji sai da agogo.

Ƙararrawa kuwa guntun ƙarfen dogo ce daga Kafanchan,
mutum huɗu suka yi kwana uku da ita a kafaɗa.
Ranar da aka fara kaɗa ta
birai suka watse daga gonar dawa,
Akau ya ce ga ɗalibanmu na farko sun gudu.

Matan zumunta suka tono citta, suka fere, suka shanya,
kuɗin ya sayi kwanon rufi sha ɗaya.
Mama Kuyet ta ƙara da akuyarta mai ciki.
Hadarin farko ya yaye rufin ya kai shi fadama,
muka bi shi da fitila muna waƙar yabo, muna zagin iska.
A makon nan aka koya mana rabawa
muna zaune cikin ruwa har idon sawu.

Jauro Buba na rugar gabas bai taɓa shiga sujada ba,
amma kowace Laraba ƙwaryar nono na bakin ajinmu.
Ladansa wasiƙa ce zuwa ga mai karɓar jangali,
ni nake rubutawa, shi yake gyara mini gaisuwa.

Shekari ya fi mu duka kai.
Saura kwana tara jarrabawa kububuwa ta same shi a hanyar rijiya.
Inda kuke ajiye motoci yanzu,
ku taka a hankali.

A shekara ta uku aka buɗe akwatin makaranta,
gara ta cinye littafin sunaye, ta bar bango da zare.
Fasto bai ce uffan ba. Ya yi tari, ya jera mu,
ya ce daga yau kowa ya haddace na kusa da shi.
Kullum da asuba kafin addu'a
mukan kira juna har sha bakwai,
in an zo kan Shekari a yi shiru gwargwadon numfashi ɗaya.

Jiya jikata ta zaga da ni, ga benaye, ga ɗakin karatu.
Na tarar da ƙarfen nan ya tokare ƙofar ɗakin janareta.
Na buga shi da sandata.
Muryar tana nan, ta ɗan dushe, kamar tawa.
Yara suka ɗago kai daga wayoyinsu.
Na fara: Akau, Bobai, Gimba, Tagwai, Yashim,
na yi shirun,
na ci gaba.