Ɗari Huɗu da Ɗaya

Ƙarfe biyun dare a Samaru,
janareton maƙwabci ya yi tari ya mutu.
Saura ni da hasken allo,
da shayin da ya huce tun bayan isha'i.

Manhajar adashi na gina
wa matan layin 'yan atamfa na Sabon Gari.
Su talatin da bakwai, kowa na shiga lafiya lau,
sai uwar adashin da kanta,
Hajiya Lantana,
ita ce ƙofa ta ce ba ta sani ba.

Lambarta daidai.
Kalmar sirri daidai,
sunan autarta ce, duk layin an sani.
Sabar ta miƙo mata tokin,
ɗan tikitin shiga mai ran minti goma sha biyar,
ta juyo da shi bakin ƙofa,
aka ce: ɗari huɗu da ɗaya.
Wato, baiwar Allah, daga ina?

Jibi Juma'a, kwasar Zuwaira ce,
kuɗin keken ɗinki take jira.
Sau tara Hajiya ta kira ni yau.
Na tara ɗin ba ta yi faɗa ba, cewa ta yi,
"Tasi'u, littafina na da bai taɓa mance ni ba."
Wannan ta fi zagi ciwo.

Na zargi sabar, na tashe ta na kwantar.
Na zargi mabuɗin sa hannu, na sake sabo.
Na bi layukan da na rubuta ɗaya bayan ɗaya
kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.
Na zargi netiwok, na zargi ruwan da ake ta yi tun Talata,
har na fara zargin digirin
da ke rataye saman katifata.
A wayata komai na tafiya sumul.
A wayar ƙanena ma haka.

Gani ya kori ji.
Da safe na hau Keke Napep,
muka ratsa Kwangila cikin taɓo da hon,
na same ta tana auna yadi shida da kamu ɗaya.
Ta miƙo wayar, gilashin ya tsage ta kusurwa.
Kafin in taɓa komai idona ya faɗa sama:
tara da minti arba'in.
Na dubi tawa.
Tara da ashirin.

Ana zaton wuta a maƙera.

"Hajiya, agogonki na gudu."
"Ba gudu yake ba, ni na sa shi.
Marigayi ma'aikacin reluwe ne,
shekara talatin yana ba jirgi hannu a tashar nan.
Kowane agogo a gidanmu
minti ashirin yake gaba.
Ya ce wanda ya riga jirgi ya sha shayi,
wanda jirgi ya riga ya sha ƙafa.
Ya rasu, ban mayar ba."

Ashe ni ne na ce wa manhaja
ta tambayi waya ƙarfe nawa.
Tikitin minti sha biyar,
agogon da ya yi gaba da ashirin:
kafin ya iso hannu ya zama gawa,
manhaja ta jefar da shi,
ta tura Hajiya ƙofa hannu rabbana.

Da na ce ta gyara agogon, daƙiƙa biyar ya isa.
Yatsana har ya kai wurin.
Na janye.

A kan benci, tsakanin dilar leshi da ta shadda,
na buɗe kwamfuta bisa cinya.
Layi huɗu na sauya:
lokaci, a tambayi sabar.
Agogon mutane, a bar musu abinsu.

Ta danna. Ƙofa ta buɗe.
Sunayen mata suka jeru, na Zuwaira a sama.
Ba ta ce sannu ba,
ta aika yaro ya karɓo mini kunun aya mai sanyi,
ta leƙa wayar, ta ce,
"Goma ta wuce, ka makara wurin aiki."

A tawa da saura.
Na tashi duk da haka.