Cokulan Urho

Ƙarfe huɗu da rabi muka bar gaɓa,
ni da kakana Urho Pelkonen,
wanda hannunsa ya daina jin maganarsa tun bara.
Tafkin Superior na kwance baƙi ƙirin,
tururin sanyi na tashi daga gadon bayansa.

Ya ce, ɗauko akwatin.
Na kwano ne, tsatsa ta ci bakinsa,
ciki cokula jere kan guntun bargo,
kowanne da ƙugiya mai baki uku a gindi.
Ba tsutsa, ba nama.
Ƙarya zalla muke saukar wa kifi,
sai dai ita ma ƙaryar, in ji shi, tana da gwanaye.

Na kai hannu ga wanda na sayo a Houghton,
dala goma sha huɗu, shuɗi da ruwan hoda,
har ido aka manna masa.
Urho ya dube shi, ya dubi sama.
Ya ce, Lempi, wannan masu kuɗi yake kamawa,
ga shi ya fara da ke.

Ya ce, fara tambayar rana.
In ta fito tas, ba su azurfa,
mai walƙiya irin ta ƙananan kifayen da suke kora.
In gari ya lumshe, tagulla.
Can ƙasa, gaba ashirin, ja mutuwa yake,
ya koma launin toka;
kore da fari ne ke isa da saƙo.
Watan Mayu, ƙanƙara na narkewa,
tirawut na yawo sama-sama, ƙaramin cokali ya wadatar.
Yanzu Agusta ne. Ya bi sanyi ya nutse,
sai an haɗa da darma a same shi a gida.

Ya sa na ja cokalin a gefen jirgi tukuna
mu ga tafiyarsa.
Rage inji, ya ce. Ƙara ragewa.
Rangaji nake so, ba juyin farfela ba.

Sa'a biyu muna jan zare.
Azurfa ta dawo hannu rabbana.
Kore ya dawo da ciyawa.
Na saki nawa mai ido, don taurin kai,
ya je ya ga abin da ya gani, ya dawo bai ce komai ba.
Shayi ya huce a fulas.
Yatsuna sun ƙage.

Sai ya laluba aljihun ƙirji
ya fito da wani, naɗe a hankici.
Cokalin miyar kakata Hilja ne,
ya yanke masa mariƙi wani hunturu kafin a haifi uwata,
ya bubbuge shi da guduma kan kututture.
Gefe ɗaya a lotse, duk jikinsa sawun haƙori.
Sau uku ya gwada ƙulla shi, zaren na kuɓucewa.
Na karɓa. Bai dube ni ba.

Ko minti goma ba a yi ba
sandar ta sunkuya har ta sumbaci ruwa.
Nauyi ne kawai da fari, kamar na kamo gindin tafkin,
sannan kai ya girgiza, can ƙasa, sau biyu.
Da ya taso, kumfa ta riga shi,
toka-toka, da ɗigon fari birjik,
tsawon hannuna har kafaɗa.

Na ce, me ya gani a wannan gurgun?
Ya ce, gurguntar.
Babban kifi ba ya ɓata ƙarfinsa kan lafiyayye,
mai ɗingishi yake jira.

Ya faɗa yana kallon ruwa,
hannunsa na rawa kan gwiwa.

Na goge cokalin, na naɗe, ina shirin sa shi aljihuna.
Ya miƙo tafi.
Ba yau ba, ya ce.
Juya jirgin, iska ta sauya.