Abin da ke Ƙarƙashin Shuɗi

Minti goma, iyakar haƙurinsa ke nan.
Malama Eduvigis ta faɗa mana tun ranar farko,
tana goge hannu a tsohuwar rigar mijinta:
"Akirilik ba ya jiran mai dogon tunani.
Kin tsaya shawara, ya yanke ba da ke ba."

Na yi dariya. Sannan na tsaya shawara.
Kafin in zaɓi inda teku zai ƙare
shuɗin ya yi fata a kan faranti.
Na ɓare shi kamar ɓawon gyambo.
Buroshi biyu suka sandare a gwangwani,
kuɗin motata na sati guda.

Ɗakin koyonmu yana can bisa tudu.
Ta taga sai ka ga Valparaiso tana gangarawa ruwa,
gida a kafaɗar gida, kowanne da rigarsa,
karnuka na barci a matakala.
Ni duk ba su nake so ba.
Kwalekwale ɗaya nake nema,
na kakana Nibaldo,
wanda aka sayar shekarar da huhunsa ya gaza.

Na tsinka fenti da ruwa, ya yi hawaye har ƙasan ƙyalle.
Na ja shi da busasshen buroshi,
ya yi kaushi irin na gemun tsohon,
wannan kam na bari.
Na kwaɓa shi da yashin gaɓa,
na yaɓa da wuƙa kamar mai gyaran katanga,
kwalekwalen ya yi nauyi ya nutse ina kallo.
Soso na gwada, da tsohon katin bas, da ɗan yatsa,
da gishirin da na ɗebo a kicin ɗin gwaggo.
Gishirin bai yi komai ba
sai zafi a yankan da ke hannuna.

Baltasar na gefena yana gama uku a wuni,
duk karnuka, duk suna dariya.
Bai ko ɗago kai ba ya ce,
"Millaray, rufe shi ki sake."

Na rufe.
Na rufe da fari, na rufe da toka,
sau bakwai, har ƙyallen ya yi tauri kamar ƙofa.
Malama ta ƙwanƙwasa shi da zobenta.
"Ba ya jira," in ji ta, "amma ba ya riƙo.
Kowace safiya yana yafe miki jiya."

Alhamis ɗin nan ta Yuli ruwa ya wuni yana zuba,
sanyi ya shiga ɗakin ya zauna,
fenti ya yi kasala, karon farko bai yi gaggawa ba.
Na shimfiɗa shuɗi mai duhu, na takwas,
na rasa abin yi,
na juya buroshi na karce da gindinsa don haushi.

Sai ga ruwan goro.

Kuskuren satin farko ne,
ja da rawaya da na haɗa ba awo,
na tsane shi, na binne shi da hannuna.
Ga shi yana leƙowa ta tsagar shuɗi,
daidai launin rigar robar da yake sawa
in zai fita kafin gari ya waye,
yana warin kifi da taba.

Ban ƙara ɗigo ba.
Na ci gaba da karcewa a hankali,
harafi bayan harafi a gefen jirgin:
La Porfiada. Mai taurin kai.
Harafin ƙarshe ya karkace, fentin ya riga ni bushewa.

Malama ta tsaya a bayana, ta daɗe.
Abin da ta ce kawai: "Wanke buroshinki."

Na wanke.
Amma a motar gida, hannuna a kan ƙarfe,
ƙarƙashin farcen babban yatsa
akwai sauran ruwan goro
da sabulu ya ƙi fitarwa.